Rumfar Kawu a Pantami

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi aiki a ma'aikatar ruwa har ya yi ritaya, amma a Pantami ba wanda yake tuna shi da famfo. Da kiɗa aka san shi. Tun yana saurayi a ƙauyenmu na ƙasar Tangale yake busa ƙaho a ƙungiyar majami'a, kuma har ya tsufa, ko ruwan wanka yake jira sai ka ji yana kaɗa bokiti da yatsu. Lokacin da ya bar aiki matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa biyu suna wasu garuruwa. Ni ce nake zaune tare da shi. Ina koyarwa a wata firamare a Barunde, ina kuma waƙa a majami'armu.

A gefen gidan akwai wani fili da aka katange, babu komai a ciki sai bishiyar maina guda da tarin yashi. Na maƙwabcinmu ne, wani dattijo da kowa ke kira Alhaji, wanda danginsa suke wurin tun kafin unguwar ta cika da gidaje. Wata rana bayan la'asar Kawu ya sa hularsa ya ce in raka shi. Muka tarar da Alhaji a kan tabarma a ƙofar gida.

Bayan an gaisa Kawu ya ce, "Alhaji, filin nan naka nake so ka ara mini. Samarin garin nan suna da kiɗa a hannu, ba su da wurin yin sa. Wanda ba a gayyace shi biki ba, kuma ba ɗan majami'a ba, sai dai ya yi ta dukan tebur."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa. "Malam, kada giya ta shigar mini fili. In an kira magariba a tsaya har a idar. Kafin isha'i kuma kowa ya kama gabansa, ina da iyali."

"Na yarda."

"To je ka yi. In ka saɓa, ni da kaina zan zo in cire kwanon."

Haka aka kafa wurin. Kafinta ya dasa katako ya rufa kwano, aka zuba siminti aka yi ɗan dandamali da tsayinsa bai kai gwiwa ba, aka jera benci. Kawu ya tafi Jos ya dawo da tsofaffin kaya a bayan wata motar itace: jita biyu, gangunan bature da fatar ɗaya ta sha ɗinki, piyano mai maɓalli guda da ba ya magana, lasifika biyu da ƙaramin janareto. Bai sa wa wurin suna ba, bai rataya allo ba. Mutane suka riƙa cewa Rumfa, sunan ya zauna.

Asabar da Lahadi ake yi, daga bayan la'asar. A makonnin farko matasan majami'u ne kawai ke zuwa, 'yan Barunde, suna waƙa da Hausa da Tangale da Waja. Sannu a hankali labari ya bazu. Wasu samari uku daga Hammadu Kafi suka fara zuwa da waƙoƙinsu na zamani, rabi Hausa rabi Turanci, Kawu ba ya gane abin da suke faɗa amma yana gyaɗa musu kai. Wani mahauci ya zo da kalangunsa. Wani Bafulatani da matarsa ke sayar da nono ya zo da molo a cikin buhu, ya zauna mako biyu yana kallo kafin ya fito da shi. Dokar Kawu ita ce kowace ƙungiya waƙa uku, ko an yi tafi ko ba a yi ba, kuma wanda ya sauko ba ya tafiya, sai ya zauna ya saurari na bayansa. Mata suka kafa tirensu a bakin ƙofa, zoɓo da kunun aya da awara. In ladan ya ɗaga murya, ko ana tsakiyar waƙa Kawu yakan miƙa hannu ya kashe janareto. Masu salla su tafi masallacin Alhaji, mu kuma mu zauna muna hira ƙasa-ƙasa har su dawo.

Shekara huɗu muka yi a haka. Ƙungiyoyi da dama a can suka fara riƙe jita, daga baya suka zama su ake nema a bukukuwan gari.

Ni ma ina da tawa ƙungiyar. Mu huɗu ne: ni mai waƙa, wani ma'aikacin gidan waya a kan piyano, wani direban keke ɗan ƙabilar Tera a kan ganguna, sai mai jita. Mai jitar tela ne, Tela ma muke kiransa, shagonsa na bakin titi ba nisa da filin wasa. Musulmi ne, ya kai shekara ashirin da biyar, siriri, mai yawan dariya, kullum da tsinken allura a maƙale a wuyan rigarsa. Ranar da ya fara zuwa bai taɓa riƙe jita ba. Kawu ya nuna masa inda zai ɗora yatsu, ya bar masa makullin ɗakin kaya ya riƙa zuwa da safe kafin ya buɗe shago. Cikin shekara guda ya wuce kowa. In ya fara kaɗawa, masu zoɓo sukan bar tirensu su leƙo. Adda yake kirana, wato yaya, ko da yake shekara biyu kawai na ba shi. Shi ya ɗinka mana riguna iri ɗaya, shi ya gyara wayoyin wutar Rumfa, shi ya san yadda ake lallaɓa janareto in ya ƙi tashi. Kawu yakan ce in ya mutu, Tela ne zai riƙe wurin.

Sai shekarun nan suka zo da kowa a Gombe yake tuna su ba tare da an ambata ba. Aka fara jin ƙarar fashewa a cikin gari. Aka kafa shingaye a hanyoyi. Mata suka daina shiga majami'a da jaka, maza suka riƙa tsayawa gadi a ƙofar masallaci ranar Juma'a. In mutum ya ajiye leda a kasuwa ya matsa gefe, sai ka ga wurin ya dare. A makarantarmu aka ce mu koya wa yara kwanciya a ƙasa in sun ji ƙara, muka koya musu, suna dariya suna ɗauka wasa ne.

Kawu bai rufe Rumfa ba. Ya sayi na'urar nan ta hannu mai kuka in ta ji ƙarfe, ya riƙa tsayawa a ƙofa da kansa yana shafa wa kowa, har da mutanen da ya sani tun suna goye. Ya hana ajiye babur a jikin katanga. Jama'a suka ragu, amma ba su ɗauke ba. Na lura dai yanzu kowa yana neman bencin da ke kusa da ƙofa, kuma in lasifika ta yi tsawa, kai ashirin ke juyawa lokaci guda.

A cikin wannan lokaci ne Tela ya fara sauyawa. Da farko makara yake yi. Sai ya fara tsallake Lahadi, ya ce aiki ya yi masa yawa. Dariyarsa ta ragu. In an tafi sallar magariba, ba ya bin sauran zuwa masallacin Alhaji, sai ya ce zai yi tasa a wani wuri, kuma ba ya dawowa. Mai kalangu, wanda shi ma mai salla ne kuma ya girme shi, ya tare shi wata rana a gabana ya ce, "Wai kai a ina kake sallar nan da ba ka yi da mu?"

Tela ya ce, "Inda ake yin ta daidai."

Mai kalangu ya bi shi da kallo. Bayan Tela ya tafi ya ce mini, "Malama, wannan yaron ya samu wasu abokai. Ban san su ba, kuma a garin nan ba mai sallar da ban san fuskarsa ba."

Zuwansa na ƙarshe ba ranar kiɗa ba ce. Wata Laraba ce da rana, na dawo daga makaranta ina shara a Rumfa, sai na gan shi tsaye a bakin dandamali. Ban ji shigowarsa ba. Ya miƙo mini makullin ɗakin kaya da hannu biyu.

"Adda, ki ba wa Kawu. Ki ce na gode."

"Me ya faru? Wani ya ɓata maka rai ne?"

"Ba wanda ya ɓata mini rai. Na bar kiɗa ne."

Na ce ya zauna mu yi magana, ya ƙi. Ya tsaya yana duban wurin, kwanon, bencin, ƙaramar ƙofar baya da ke fita lungun gidan Alhaji. Ya daɗe yana duba. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ke ma da kin haƙura da shi."

"Da me?"

"Da taron nan."

Na tambaye shi ko ya ji wani abu ne. Ya ce a'a, shawara ce kawai. Ya fita. Bayan mako biyu mai ganga ya bi ta shagonsa ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcin shagon ya ce Tela ya sayar da keken ɗinkinsa, ya mayar wa mutane yadinsu ba ɗinki, bai ce wa kowa ga inda za shi ba. Wayarsa a kashe.

Kawu ya karɓi makullin ya rataya a ƙusa. Ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Muka samu wani ya riƙa kaɗa mana jita. Yana ƙoƙari, sai dai duk waƙar da muka ɗauko, inda Tela ya saba shigowa sai in ji wurin wayam.

Kimanin wata guda bayan haka wani mutum ya fara zuwa Rumfa. Dattijo ne mai furfura a gemu, da tsohuwar riga mai tsabta da hula zanna. Yakan zo da wuri, ya tsaya Kawu ya shafa masa na'ura, ya wuce bencin ƙarshe a gindin maina ya zauna. Ba ya tafi, ba ya shan komai, ba ya magana da kowa. Ba ma dandamalin yake kallo ba. Ƙofa yake kallo, duk wanda ya shigo sai ya bi shi da ido. In an tashi, shi ne na ƙarshen fita. Asabar da Lahadi, mako uku a jere.

Masu zoɓo ne suka fara magana. Ɗaya ta ce ya tambaye ta ko akwai wata ƙofar bayan wannan. Wata ta ce ya tambaye ta wace rana aka fi cika. Mai piyano ya ce shi kam in mutumin nan ya sake zuwa, ba zai hau dandamali ba, yana da 'ya'ya. Ni kaina in ina waƙa sai in ga idona yana komawa gindin maina, ina duban hannayensa, ina duban ko rigarsa ta yi tudu a ƙirji. Wata Lahadi ya sunkuya zai gyara takalmi, sai muryata ta yanke a tsakiyar baiti.

Kawu ya je ya gaya wa Alhaji. Alhaji ya ce kada a kira kowa tukuna, kada kuma a bari samari su taɓa shi. Asabar ta gaba, da aka tashi sallar magariba, Alhaji ya shigo Rumfa da kansa, abin da bai taɓa yi ba a ranar kiɗa. Ya nufi dattijon ya yi masa sallama, ya ce su je su yi salla tare. Suka tafi. Da aka idar sai ya kawo shi zauren gidansa, ya aiko a kira Kawu. Na bi bayansa na tsaya daga bakin ƙofa.

Alhaji ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da tambaya. Zamanin ne ya kawo ta. Mutanen nan sun tsorata da zamanka. Me ke kawo ka?"

Dattijon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Ɗana nake nema. Telan da ke kaɗa muku jita."



Ya ce daga wani ƙauye yake zuwa, tafiyar awa guda a mota. Ya ce shi bai taɓa son kiɗan nan ba, sun sha yin faɗa da yaron a kai, har ya taɓa ce masa kada ya sake taka masa gida in bai bari ba. "Da na ji ya bari, na yi murna. Ban san abin da ya ɗauka a madadinsa ba." Ya zagaya asibitoci, ya tambayi dangi har Biu, ba labari. Uwar yaron ce ta ce masa ya zo nan. Ta ce ba inda yaron yake so a duniya kamar wurin nan, in yana da rai kuma yana cikin hankalinsa, wata rana zai leƙo ko daga bakin ƙofa ne.

Kawu ya ce, "To me ya hana ka faɗa mana tun farko?"

"Kunya. Na zagi wurin nan da bakina ban taɓa ganinsa ba. Kuma ina tsoron in na faɗi ko ni wane ne, ku ce ni ma irinsu ne."

Alhaji ya sa aka kawo masa abinci. Kawu ya ce bencin nan nasa ne duk ranar da ya zo. Na koma na gaya wa sauran, na ga fuskoki sun saki. Mai piyano har ya ji kunya ya je ya gaishe shi.

Mai ganga ne bai saki ba. Muna naɗe wayoyi ya ce mini, "Malama, kowa na murna tsohon nan ba shi ne ba. Ni kuwa yanzu na fi jin tsoro. Uban da ya haife shi ma ya san inda ya tafi, faɗi ne ba ya son yi. Kuma Tela ya san wurin nan fiye da mu. Ya san ƙofar baya. Ya san lokacin da ake cika. Ya san Kawu ba ya shafa na'ura a jikin akwatin jita."

Na ce, "Tela ba zai yi mana haka ba."

"Ban ce zai yi ba. Amma in aka tambaye shi fa?"

Daga ranar Kawu ya sa aka toshe ƙofar baya da bulo, ya fara buɗe kowane akwati. Dattijon ya ci gaba da zuwa. Yanzu yakan karɓi zoɓo in an ba shi, wani lokaci har in ga ƙafarsa tana motsi in mai molo yana kaɗawa. Amma idonsa na kan ƙofa.

Wata Juma'a da safe, ina makaranta lokacin tara, yara suna waje suna wasa, wayata ta yi ƙara. Lambar ban san ta ba. Na ɗauka na yi gaisuwa, shiru. Ina jin iska da kukan awaki daga nesa. Har zan kashe sai na ji an ce, "Adda."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Kana ina? Babanka yana nan yana nemanka, duk mako yana zuwa."

Ya ce, "Ki ce masa ya daina zuwa." Muryarsa ce, amma ta dishe, kuma a hankali yake magana kamar akwai mutane kusa. "Adda, ki saurare ni. Jibi kada ki je Rumfa. Kada kowa ya je."

"Me zai faru jibi?"

"Na dai faɗa miki."

"Ka dawo gida. Ba wanda zai ce maka komai. Kawu yana..."

Ya kashe. Na sake kira, ba ta shiga. Na kira har sau goma. Aka kaɗa ƙararrawa yara suka shigo suka zauna suna kallona, na rubuta musu aiki a allo, na je na nemi izini wurin shugabar makaranta na tafi gida.

Kawu ya saurare ni har na gama. Ya sa na maimaita masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Sannan muka shiga wurin Alhaji, wanda ke shirin tafiya masallaci. Shi ma ya sa na maimaita.

Kawu ya ce, "Wataƙila tsoratar da mu kawai ake so a yi. In muka rufe yau saboda waya, gobe ma waya za ta rufe mu."

Alhaji ya ce, "Wataƙila. Amma in ba haka ba ne, 'ya'yan mutane ne a kan bencin nan, Malam. Ba ni ba ne, ba kai ba ne. Ban taɓa sa maka baki a harkar wurin nan ba. Yau zan sa. A rufe. Kuma a kai maganar inda ya kamata, don ba mu san ko mu kaɗai ake nufi ba."

Bayan an sauko Juma'a suka tafi tare da ni wurin jami'an tsaro. Aka rubuta bayanina, aka karɓi lambar, aka tambaye ni ko akwai wanda ya san dangin Tela. Na ce mahaifinsa yana zuwa wurinmu. Na faɗa ne kawai don an tambaye ni, ban yi tunanin komai ba sai da muka fito.

Ranar Asabar muka bi ƙungiyoyi a waya muka ce babu kiɗa sai an ji daga gare mu. Kawu bai faɗi ainihin dalilin ba, ya ce janareto ne ya lalace. Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya tambaya. Dattijon ba shi da waya. Ya zo da la'asar kamar yadda ya saba, ya tarar da ƙofa a rufe da jami'ai biyu cikin farin kaya suna jiransa. Suka tafi da shi suka yi masa tambayoyi, suka sallame shi a ranar. Kawu ya bi shi har tasha don ya yi masa bayani. Ya ce mini dattijon ya saurare shi, ya tambayi abu guda kawai: "Muryarsa lafiya take?" Kawu ya ce lafiya. Ya ce to, ya hau mota.

Lahadi na je majami'a da safe na dawo. Bayan la'asar Kawu ya fito da benci guda ya ajiye a tsallaken titi, daura da ƙofar Rumfa, don ya mayar da duk wanda bai ji saƙo ba. Alhaji ya fito ya zauna kusa da shi. Na roƙe su su shiga gida, Kawu ya ce in koma ciki. Ban koma ba, na tsaya a zaure ina leƙe.

Unguwar ta yi tsit. Labari ya riga ya zaga, masu shaguna sun rufe, an kulle yara a gida. Mutum biyar ko shida suka zo, aka mayar da su. Wani mai acaɓa ya shigo layin a hankali, da wani a bayansa riƙe da jaka a cinya. Suka rage gudu daidai ƙofar Rumfa. Na bayan ya dubi kwaɗon, ya dubi tsofaffin nan biyu. Alhaji ya daina jan carbi. Suka wuce har ƙarshen layi, suka juyo, suka sake bi ta gabanmu, sannan suka fita babban titi. Ban san fuskarsu ba. Zai yiwu gidan wani suke nema suka ɓata hanya. Kawu ya ce haka ne, gida suke nema. Alhaji ya ci gaba da kallon bakin titin.

Aka kira magariba, aka idar, ba abin da ya faru. Washegari ma haka. Ban taɓa sanin ko an shirya wani abu aka fasa don an tarar da wurin a rufe ba, ko kuma Tela ya ji wata magana ce a sama ya tsorata, ko so yake kawai ya raba mu da kiɗa don yana ganin alheri yake yi mana. Lambar nan ba ta sake shiga ba. Mahaifinsa bai sake zuwa ba.

Rumfa ta zauna a rufe har damina ta shigo ta wuce. Ciyawa ta fito ta tsakanin benci, ɓeraye suka cinye fatar ganga. Kawu yakan shiga da safe ya tayar da janareto na 'yan mintuna don kada ya mutu, ya kashe, ya fito. Ya rame a watannin nan. Da gari ya fara lafawa, mai ganga da mai kalangu suka zo suka same shi suka ce a buɗe, su za su riƙa tsayawa a ƙofa. Aka buɗe, amma Asabar kawai. Ƙungiyoyi biyu daga Barunde ba su dawo ba, iyayensu sun hana. Mai piyano ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin. Mai molo ya dawo, samarin Hammadu Kafi suka dawo da ƙarin wasu. Na ci gaba da waƙa na shekara guda, sannan na yi aure na koma Barunde, zuwana ya ragu.

Kawu ya rasu shekara uku da suka wuce, bayan jinya gajeriya. Alhaji yana nan, ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa sun so su gina shaguna a filin ya ce su jira sai bayan ransa. Mai ganga ne ke riƙe da wurin yanzu. Ya sayi sababbin lasifika, ya sa wutar sola, kuma matasan da ke hawa dandamalin yawancinsu ba su san an taɓa rufewa ba. Har yanzu yana buɗe kowane akwati a ƙofa, suna yi masa dariya.

Bara na kai ɗiyata asibiti, muna zaune a layin ganin likita, wata mata da goyo ta yi ta kallona. Daga baya ta matso ta ce, "Ba ke ce mai waƙa a wurin nan na Pantami ba?" Na ce ni ce. Ta ce ita ƙanwar Tela ce, akwai hotonmu mu huɗu da riguna iri ɗaya a ɗakin mahaifiyarsu, a can ta gane ni.

Na tambaye ta labarin babansu. Ta ce ya rasu tun shekara biyar. Na ce Allah ya jiƙansa. Na so in ce mata ni ce na ambace shi a wurin jami'ai, na kasa. Na tambayi ko an samu labarin yayanta.

Ta ce wani da ya fito daga daji ya taɓa ce musu ya san wani tela a can, ana sa shi ɗinki, amma bai tabbata ko shi ne ba, kuma an daɗe da maganar. Bayan wannan ba su ƙara jin komai ba. Ta ce mahaifiyarsu ta hana a yi masa sadaka, ta hana a raba kayansa.

Aka kira lambarta. Ta gyara goyo ta miƙe, sannan ta tsaya ta ce in ba ta lambar wayata, ko tsohuwar za ta so ta ji daga bakina yadda ya yi magana ranar nan, tunda ni ce ta ƙarshe da ta ji muryarsa. Na ba ta. Bayan kwana huɗu tsohuwar ta kira ni, na faɗa mata duk abin da ya ce, yadda ya faɗa. Ta sa na maimaita sau biyu, ta yi mini godiya, ta ce in gaida yara.